Muryar Miriyam Na Nan Yadda Take

A tashar motar Kachia, wani dattijo ya ƙura wa na'urar da ke hannun wata malama ido.

"'Yata, wannan makirfo ne?"

"A'a Baba, ƙara take aunawa. Ta cikin waya ba ta faɗin gaskiya, shi ya sa na sayi wannan mai soso a ka. In lamba ta wuce tamanin da biyar, kunne ya fara lalacewa."

"Ikon Ubangiji! Ƙara ma ana auna ta kamar citta? To, injin niƙa fa? Shekara ashirin ina kan nawa."

"Wanda na auna jiya ya kai ɗari."

"Me kika ce?"

"Ɗari, Baba!"

"Kai! Auna muryata mu gani."

"Ai tun ɗazu take aunawa. Ihu kake yi, Baba, duk tasha na jin ka."

"Ni? A hankali fa nake magana!"

Ya daɗe yana kallon lambar.

"Shekara biyar ina fushi da matata Miriyam, wai raini ya sa take mini magana ƙasa-ƙasa. Ashe ba ita ta rage murya ba."