Ramin Haƙorin Namadi

A tashar Tambuwal, Namadi na jiran lorin Kebbe, kunci a kumbure, sai wata tsohuwa ta miƙo masa goro.

"Na gode, Inna, ba ni iya tauna."

"Mi as same ka, ɗan nan?"

"Haƙorin ƙarshe ya maƙale cikin dasashi, likitan Sakkwato ya tsaga, ya cire, ya ɗinke. Tsoro nika ji kar ramin ya ƙi cikewa, in ƙare rayuwata kan kunu."

"Wayyo, sannu. Riƙa kurkurewa da ruwan gishiri. Duba nan."

Ta wage baki, babu haƙori ko ɗaya.

"Rami nawa ka gani? Duk Allah ya cike su. Tuwo kuwa, ban taɓa barin saura ba."

Namadi ya ƙyalƙyale da dariya, ya dafe kunci.

"Inna, bari, kar ki tsinke mini zare!"