Jakar Kan Kujera

A ɗakin jira na wani asibiti a Brisbane, wata mata ta kai hannu za ta ɗauke jakar wani dattijo daga kujera.

"Kar ki ja, baiwar Allah. Batirin zuciyata ne. Kin ga wayar da ta shige cikina? Inji ke tura min jini. Taɓa wuyan hannuna."

Ta taɓa, ta janye da sauri. "Ba ya bugawa."

"Injin na wucin gadi ne, kafin a samo min zuciyar da za a dasa min. Kullum addu'ata a kira ni."

"Wato kana addu'a wani ya mutu."

"Ni ban ce ba."

"Ɗana yana sama, mota ta buge shi. Yanzun nan likitoci suka roƙe ni in ba da zuciyarsa."

Dattijon ya mayar da jakar cinyarsa. Ba ta zauna ba.