Ba za a sa mamacinmu a kwali ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Sani Direba daga Akwatialine.

Muna da gonar rogo a bayan Kumasi, wadda sarkin ƙauyen ya ba kakana. Bana kamfanin fasa dutse ya ce zai karɓe ta. Kafin a kawo injuna, aka turo masu binciken kayan tarihi suka yi ta tono. Suka fito da fasassun tukwane da dutsen niƙa, sai ga ƙasusuwan mutum kwance a gefen dama, fuska na kallon alƙibla. Shugabarsu ta ce mini, "Baba, wannan binnewar Musulmi ce, kuma ta daɗe."

Manajan kamfanin wai a zuba shi a kwali a kai ɗakin ajiya. Na ce masa kwali na sabulu ne! Kullum ana kiranmu baƙi, to ga baƙon da ya riga kowa kwanciya a nan.

Na kafa bencina a bakin kabarin. Malaman zango, ina neman shawararku. Direbobin tashar Kejetia, ku zo ranar Juma'a mu yi masa addu'a. In katafila za ta taka shi, sai ta fara da ni.