Daga Hantsi Zuwa Azahar

Salamu alaikum Malam mai karanta mana wasiƙu, Allah ya ƙara lafiya. Ni ce Hajiya Rabi, wata tsohuwa daga Matameye.

Ina ƙarama, Faransawa na mulkin ƙasar nan, yayana Ilu yana yi wa wani anasara kuku a Damagaram. Wata rana ya zo ya ce jirgin sama zai kai su Gigimi, garin da Inna ba ta taɓa jin sunansa ba. Ta tambaye shi nisansa. Ya ce tafintan anasaran ya gaya masa ana tashi daga filin Damagaram da hantsi, a sauka kafin azahar.

Inna ta ce, "Ashe kusa ne, kamar a je Kance a jaki." Don haka ba ta yi masa guzuri ba, ba a kai shi wajen malamin garinmu an yi masa addu'ar tafiya ba. Fura kawai ya sha ya fita.

Da aka shekara shiru, Baba ya tambayi fatake. Suka ce tafiyar makonni ce a raƙumi, can wajen Tafkin Cadi. Mu ko jakinmu na aro ne. Ina za mu? Har yau ba mu sake jin labarinsa ba.

Malam, yaya zan yi? Mutanen Gigimi, in akwai wanda ya san inda aka binne Ilu kuku, ko inda 'ya'yansa suke in ya bar baya, don Allah ya aiko. Inna har ta rasu, kullum aka kira azahar sai ta ɗaga kai sama.