Ciwon Yana Ƙarƙashin Rigata

Ina gaishe ku a cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa. Na yi laifi, kuma a gabanku nake so in faɗe shi.

Mama Saratu gwaggon matata Rifkatu ce. Ta gudo daga Michika lokacin tashin hankali, ta daɗe a sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi kafin muka ɗauko ta zuwa gidanmu a Limawa. Ita take renon 'yarmu Godiya in mun tafi aiki.

Godiya tana da wata takwas zazzaɓi ya kama ta. Ƙuraje masu ruwa suka feso mata har cikin gashi. Tsoro ya kama ni, tsoron ya koma fushi. Na ce Mama ce ta kwaso mana cuta, tunda duk Asabar tana zuwa Malkohi gaida ƙawayenta. Da hannuna na fitar da jakarta waje. Ba ta yi musu ba. Ta dai ce wa Rifkatu a yanke wa yarinyar farce, kada ta sosa.

A asibiti nas ta ce ƙarambau ne, ta tambaya ko wani a gida ya yi ƙuraje. Na fara maganar sansani. Rifkatu ta katse ni.

"Sista, ki ce ya ɗaga rigarsa."

Sati biyu ke nan ina ɓoye wasu ƙuraje masu zafi a haƙarƙarina, gefe ɗaya. Kuma kullum na dawo aiki sai in shiga ɗaki in tuɓe riga, in kwantar da Godiya a ƙirjina. Ashe Rifkatu ta gani. Nas ta duba, ta ce ƙwayar cutar ɗaya ce, daga jikina yarinyar ta ɗauka.

Na fita na durƙusa a gindin bishiya. Na ce, Ubangiji, ka warkar da 'yata, ka kuma ba ni ƙarfin zuwa Malkohi.

Ya ji ni! Cikin kwana goma ƙurajen 'yata suka bushe. Ga Godiya can tana jan ɗankwalin uwarta. Na gode wa Allah. Ku dogara gare shi, kada ku bar tsoro ya zaɓar muku mai laifi.

Da na je Malkohi, na sami Mama tana tsintar wake a ƙofar ɗakin wata ƙawarta. Kafin in buɗe baki ta tambaya ko yarinyar tana shan nono. Na durƙusa.

"Mama, ba ke ba ce, ni ne. An kore ki daga gidanki, ni ma na sake korarki. Ki gafarta mini, ki dawo gida."