Ranar da Na Hana Dattawa Shiga Ɗakina

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta tabbata a gare ku, 'yan'uwa.

Shekara talatin ina dattijo a wannan ƙaramar ikilisiya ta Sabo. Ban taɓa jin wani yana jinya ban je na ɗora masa hannu ba. Wanda ya ƙi kuwa, nakan ce bangaskiyarsa ce ta yi rauni. Yau ina tuba da wannan a gabanku.

Sai sankarar jini ta kama ni, irin mai saurin kisa wadda likitoci ba su cika gani ba. Suka ce ba makawa sai an kashe ɓargona da magani, sannan a dasa mini ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin wani. Aka gwada dangi, ƙanwata Asabe kaɗai ta dace, mai sayar da masa a gidan mijinta bayan masallaci. Addininmu daban, amma ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta ce nono ɗaya muka sha.

Bayan dashen, likita ta gargaɗe ni cewa jikina ba garkuwa, murar wani ma tana iya kai ni kabari. Wata uku ba musafaha, ba 'yan dubiya.

Ran Lahadi dattawa suka zo da man shafewa, Dattijo Bulus a gaba, yana tari. Matata Saratu ta tare ƙofa. Ta taga na ji shi yana cewa ashe mai koya musu bangaskiya mura yake tsoro fiye da Allah. Maganata ce ya maido mini, ta kuwa soke ni. Har na kai hannu ga sakata.

Sai na durƙusa, na roƙi Ubangiji ya raba ni da tsoron bakin mutane. Nan na tuna da jarumin sojan da bai bar Ubangiji ya shiga gidansa ba, duk da haka aka warkar da bawansa daga nesa, aka kuma yabi bangaskiyarsa.

Na ɗaga murya ta taga na ce, "Bulus, ɗan'uwana, tsaya inda kake ka yi addu'a. Allah wanda bango ke tarewa, ba shi nake bauta wa ba."

Wasu suka tafi cikin fushi. Bulus ya tsaya cikin rana, ya dafa gilashin tagar, ya yi addu'a. Haka ya yi kowace Lahadi har wata ukun suka cika.

Yau ga ni tsaye! Jinin Asabe ne a jikina, gwaji bai ga cutar ba. Yabo ya tabbata ga Allah!

Ku dogara gare shi, kada zargin mutum ya sa ku jefar da ran da ya ceto.

Bulus, taso, ga hannuna.