Mutum Ɗaya a Fadama

A tashar Rano, ana jiran motar Rurum ta cika, wani dattijo ya daɗe yana leƙen takardun da ke hannun matashiyar da ke kusa da shi.

"'Yata, wannan ba zanen rafin garinmu ba ne?"

"Shi ne, Baba. Katangar siminti za a yi a bakinsa, don ruwa yana cin gaɓa. An turo ni in duba abin da za ta jawo wa fadamar."

"To, me kika gani?"

"Busasshiyar ƙasa da sawun shanu. Na rubuta ba mai amfani da wurin."

"Da bazara kika je ke nan. A tsakiyar damina ruwa yakan tsallake gaɓa ya kwanta a fadamar, in ya janye ya bar tarwaɗa a kududdufai. Mu shiga da taru, mata na gefe suna ƙyafe kifi. In kun tare ruwan, ta ina zai shigo?"

"Na tambaya. An ce an daina kamun kifi a can."

"Wa ya daina? Ai mu ne masu yi."

"Baba, yaushe rabonka da shiga ruwan?"

Dattijon ya gyara hularsa.

"Shekara sha ɗaya. Gadi nake yi a Kano. Yau ma gaisuwar mutuwa za ni. Abokin jan taruna ne ya rasu."

Ta ciro biro ta buɗe takardar.

"Kada ki goge komai," in ji shi. "Ki dai ƙara a ƙasa, akwai mutum ɗaya da zai dawo bana, in Allah ya kai mu."